Rezo a Bakin Rumbu

Shekara talatin da ɗoriya ke nan da Zara'u ta haifi ɗanta na fari, amma duk Garin Gidaɗo ba mahalukin da zai ce ya taɓa jin sunan yaron a bakinta. Ƙadri ne sunansa. Ita kuwa in magana ta kama dole sai ta ce "yayan Biba", Biba kuwa autarta ce. Shi ma da ya buɗe ido ya ga haka ake yi a gidan, sai ya bi sahu, ya riƙa ce mata "innar Biba". Biba takan ce duk gidan nan ita kaɗai Allah ya ba uwa da wa, su biyun can maƙwabta ne kawai.

Kada wani ya ce ƙiyayya ce, wallahi ba ita ba ce. Kunya ce irin ta ɗan fari, wadda Zara'u ta tarar uwarta na yi, kakarta ma haka. Ranar da aka yaye Ƙadri, Goggo Binta, yayar ubansa, ta goye shi ta kai ɗakinta, can ya girma. In Zara'u ta dama fura ta ji ta yi daɗi, sai ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofar Goggo, ta dubi sama ta ce, "Ga hura nan, in da mai sha." In zazzaɓi ya kama shi, tana bayan zana tana sauraren tarinsa, amma ka tambaye ta sai ta ce ai ba ta lura ba. Matan gari na yabonta. In wata mai haihuwar fari ta cika rawar kai da jaririnta, sai a ce mata ta je ta ga yadda Zara'u ke yi. Ita ma Zara'u tana jin daɗin yabon nan, ba sai an ɓoye ba.

Da Ƙadri ya isa tafiya cin rani, wannan hali bai takura kowa ba, don a wancan zamani magana da na nesa dama sai da ɗan aike. Waya ɗaya jama'a suka sani, ta gwamnati, can gidan waya na Tasawa. Iliyasu dillalin awaki shi ke kwasar saƙonnin gari a ka ranar kasuwa, ya bi layi tun hantsi har rana ta karkata. In an yi sa'a waya ta shiga, sai ya zazzage su gaba ɗaya a kunnen wani mai shago a Kano, shi kuma ya rarraba wa masu su in ya tuna. An taɓa aika wa wani cewa matarsa ta sauka lafiya, sai da yaron ya fara rarrafe barka ta iso. Kowa na ƙorafi ban da Zara'u. Ita ta gaya wa Goggo, Goggo ta gaya wa Iliyasu, Iliyasu ya gaya wa mai shago, mai shago ya ce wa Ƙadri, "An ce a gaishe ka." A ganinta ba tsarin da ya kai wannan mutunci.

Sai aka ji a rediyo wai masu son waya sun yi wa gwamnati yawa, layi ya fi ƙarfinta, don haka ta buɗe ƙofa, duk kamfanin da ke jin ƙarfi ya zo ya kafa tasa. Zamanin wasu sojoji ne da suka gabata aka yi wannan magana. Kamfanoni kuwa suka shigo da gudu, suka cika Yamai da Maraɗi da dogayen ƙarafan waya, suka gangaro Tasawa da Mayahi, kowa na rantsuwa tasa ta fi araha. Garin Gidaɗo dai, da yake maƙale cikin kwari tsakanin Isawane da Urafane, sai jin labari. Farar hula suka zo suka yi nasu yayin, wasu sojojin suka sake karɓar mulki a ranin nan da ya biyo bayan daminar da ta yaudari kowa. To, a wannan ranin ne, ana fama da abin da za a sa a tukunya, wani kamfani ya kafa ƙarfensa a Urafane. Abokin hamayyarsa ya ce shi ba za a bar shi a baya ba, ya kafa nasa a Isawane.

Iliyasu ya ga awaki sun rame ba mai taya su, sai ya sauya sana'a. Ya sayo salula mai layi biyu a Tasawa, da tsohon batirin mota na ba ta wuta, ya ce daga yau shi ne gidan waya. Sai dai rezo, wannan abin da ba a gani wanda sai da shi salula ke magana, ya ƙi sauka cikin kwari. Bawan Allah ya yi ta zagaya gari hannu sama kamar mai duban watan salla. Ya hau tudun bayan gari, babu. Ya hau gawo, ƙaya ta yage masa wando, babu. Ya hau katangar masallaci, Liman ya koro shi da sanda. Ranar nan kazar Zara'u ta haye kan rumbu ta ƙi sauka, ta ce Iliyasu ya taimaka ya hau tsani ya koro mata ita. Yana kaiwa bakin rumbu sai salula ta yi ƙara a aljihunsa, saura kaɗan ya faɗo. Ya zaro ta ya duba, ƴan sandunan nan da ke nuna ƙarfin rezo sun tsaya cif, na Urafane da na Isawane duka. Ka ɗan sauko ya ɓace, ka koma ya dawo. Kazar dai ba wanda ya sake bi ta kanta.

Rumbun nan na Ƙadri ne tun rasuwar ubansa, babban rumbun ƙasa mai jinka. Bana ba kome cikinsa, ɓeraye ma sun yi ƙaura. Abin da ya sa mai shi ya bar gari ke nan tun kaka ba ta ƙare ba.

Tsakar gidan Zara'u ta koma kasuwa. Daga fitowar rana har faɗuwarta akwai mutum a kan tsani, akwai layi a ƙasa. Mutanen Garin Gidaɗo kuwa suna da nasu tunanin game da waya: gwargwadon nisan gari, gwargwadon ɗaga murya. Mai kiran Maraɗi yakan yi magana kamar yana kiran wani daga bakin rijiya, mai kiran Legas kuwa sai ya tsage maƙogwaro har jakuna su amsa masa. Ga kuma gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya zafi, ya baƙunta, ya mutanen masauki, ya mai masauki da iyalinsa. Kafin a zo kan abin da aka hau tsani dominsa kiredi, wato kuɗin kira, ya ƙare, a sauko ana tsaki. Sai Iliyasu ya ce to a gwada layin ɗayan kamfanin, an ce wannan makon shi ya fi sauƙi.

Zara'u na zaune gindin zana tana saƙar faifai, ba asirin da bai ratsa kunnenta ba. Ta san wanda ya samu aikin gadi, ta san wanda ke gaya wa matarsa yana Kano alhali Maraɗi bai wuce ba. Duk garin mutum ɗaya ce ba ta taɓa taka tsanin nan ba, ita mai gidan. Biba, da ke aure bayan masallaci, ita ke zuwa ta kira yayanta, ta sauko ta ce yana gaisuwa. Zara'u ta ce, "Madalla," ko kai ba ta ɗagawa. Amma wanda ya lura zai ga hannunta yakan tsaya cak a kan faifan tun daga "allo" har a sauko. Goggo Binta kuwa ta rasu tun da sanyi, Allah ya jiƙanta, ta bar Zara'u ba bakin da za ta ara.

Wata Laraba Biba ta hau tsani tana dariya, ta sauko fuska a ɗaure.

"Inna," ta ce, "ashe Yaya ba shi Kano. Yana Agadas."

"Mi aka tahi nema Agadas?"

"Mota yake jira, irin manyan nan masu ƙetare sahara zuwa Libiya. Har ya samu wuri. Ya ce jibi ana idar da sallar Juma'a za su tashi."

Lalla na zaune kusa da Zara'u lokacin. Buzuwa ce, aminiyarta tun suna amare, daga dangin makiyayan nan da farin shekarun baya ya cinye wa dabbobi suka zauna gefen gari suka kama noma. Lalla baki gare ta, ba ta barin magana ta wuce ba ta tsoma nata ba, amma yau sai ta ja mayafi ta rufe bakinta. Ɗanta Gazali wannan hanyar ya bi, a irin wannan motar, shekaru ke nan. Ba a ce ya mutu ba, ba a kuma ce yana raye ba.

Tsoro ne ya kama Zara'u, tsoro na gaske. Amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Iliyasu, hau ka ce wa yayan Biba an ce ya komo gida."

Iliyasu ya hau, ya buɗe murya daidai nisan Agadas, ya isar da saƙo, ya sauko yana sosa ƙeya.

"Inna Zara'u, ya ce an gode. Wai ya komo ya ci mi, ƙasar rumbu?"

Aka je aka ɗauko Liman. Dattijo ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya hau tsani yana karanto duk addu'ar da ya sani, mutane na riƙe da ƙafafunsa. Ya yi wa Ƙadri nasiha mai kyau a kan haƙƙin uwa, har wasu a layi suka ce ya kamata a maimaita ta ranar Juma'a. Sannan ya kasa kunne ya saurari amsar yaron. Da ya sauko bai dubi Zara'u ba, faifanta ya tsura wa ido.

"Yaron bai yi mini rashin kunya ba," in ji Liman. "Cewa ya yi tun yana ƙarami yake jin 'ta ce, ta ce'. Da can ya ɗauka nisan Tasawa ne. Yanzu kuwa waya na tsakar gidanki. Ya ce Goggo da ke kiran sunanshi ta rasu, shi bai sani ba ko akwai sauran mai son ya komo. In akwai, ta faɗa da bakinta."

Wanda ya ɗora ƙafa a tsani ya sauke ta.

"Yau na ga ta kaina!" in ji Zara'u. "Ni? In hau rumbu gaban jama'a in yi hira da ɗan fari kamar wata ƴar birni? Uwata ta tashi daga kabari ta ga wanga abu?"

Ta kwashi faifanta ta shige ɗaki. Amma washegari da hantsi sai aka ga ta fito ta ɗaure zane tamau, ta nufi tsani ba ta kula kowa ba. Labari kuwa ya riga ya zaga gari, layi ya ninka, har da waɗanda ba su da kowa a waje balle su kira shi. Iliyasu ya danna lamba, ya miƙa mata salula, ta karɓa kamar an ba ta garwashi. Biba na ƙasa tana riƙe da tsani.

"Allo?" Muryar Ƙadri ce, kusa-kusa, sai ka ce yana bayan zana. "Wa ke nan?"

"Inna ce, Yaya!" Biba ta ƙwala daga ƙasa.

"Innar Biba," ya ce a hankali, "ina jin ki."

Zara'u ta buɗe baki. Sai tsautsayi ya sa ta dubi ƙasa. Idanu ne ko'ina, har bisa danga, har na matan nan da ke turo ƴaƴansu su koyi kunya a wurinta. Harshenta kuwa ya kama hanyar da ya saba bi. Ta kawar da kai gefe ta ce, "Biba, ki tambayi yayanki ya zahi can."

Can ya ce, "Biba, ki ce mata lahiya lau." Ya kashe wayar.

Tana saukowa tsohuwa Furera, maƙwabciyarta, ta tare ta da guɗa ƙasa-ƙasa. "Kai, Zara'u akwai kunya! Ko a cikin waya ba ta sake ba." Wasu matan suka ce wallahi kuwa. Yabon da ta saba sha ne, amma yau ya tsaya mata a wuya, ya ƙi wucewa.

Da la'asar Lalla ta sami Zara'u bayan gari, wai tana tsintar kara, alhali ba ko ɗaya a hannunta.

"Ke Bahausa, na ji an yaba ki yau. Dahwa yabon za ki yi, ko ɗanye za ki ci?"

"Buzuwa, bar ni da abin da ke damuna."

"Ba ni barin ki. Kunya za ki gaya mini? Tamu ta hi taku, mu mazanmu ma baki suke ruhewa da rawani." Lalla ta zauna a kan kututture, muryarta ta sauka. "Amma ni kullum in na idar da salla sai na kira sunan Gazali. Da ƙarhi nake kira, ba ruwana da wa ke ji. Ba ni da lambar da zan ba Iliyasu. Ke kina da lamba, rumbu a gidanki yake, yaron kuma yana amsawa. Kin hau can sama kin tsaya tambayar zahi."

Nan fa hawayen da Zara'u ta riƙe tun jiya suka ɓalle. "Lalla, bakina bai san sunan nan ba. Ko ni kaɗai cikin ɗaki ban taɓa gwadawa ba. Ga kuma idon jama'a, kin dai gani."

"To ki ji da bakinki," in ji Lalla. "Ni in ji da jama'a."

Ranar Juma'a tun rana ba ta yi zafi ba gidan ya cika maƙil, har daga ƙauyukan kusa an zo. Zara'u na ɗaki ta kasa fitowa, rana kuwa sai ɗagawa take yi. Can sai ga Lalla ta shigo tana gangaro da turmi, taɓarya a hammata. Ta kafa shi tsakiyar jama'a, ta juya wa rumbu baya.

"Mi za ki daka bana, Lalla?" wani ya tambaya. "Turmin ga ba kome ciki."

"Iska," ta ce, ta ɗaga taɓarya ta sake.

Turmi wofi kuwa ƙara gare shi. Ta sake bugawa, ta sake. Mata suka dubi juna. Wadda ta fara ganewa ita ce tsohuwa Furera, mai guɗar jiya. Ta fita, sai ga ta ta dawo da taɓaryarta, ta tsaya gefen Lalla, ita ma baya ga rumbu. Aka jawo turmin Zara'u, aka ɗauko na maƙwabta. Kafin ka ce me lugude ya kaure a tsakar gida, a shekarar da ba gidan da ke da hatsin yin lugude, kowace mace idonta cikin turminta. Liman ya gyara murya ya ce, "Maza, yau Juma'a, ku zo mu share masallaci." Suka bi shi suna jan ƙafa, masallacin da aka share tun da safe.

Zara'u ta fito. Ba wanda ya dube ta. Iliyasu ya raka ta har bakin rumbu, ya danna lamba, ya nuna mata fuskar salula.

"Kin ga ƴan sandunan ga? Sun tsaya cif. Rezo ya yi nashi, Inna, saura naki." Ya sauka ya bi maza.

Ta ture jinka gefe don ta samu wurin dafawa. Mace ba ta leƙa rumbun maza, ita ma ba ta taɓa ba, amma yau idonta ya faɗa ciki. Ƙasa ce fetal, a share tas, ko tsinken zangarniya babu. Ta tuna ranar da Ƙadri ya hau nan da tsintsiya ya daɗe bai sauko ba, washegari ya ɗauki jaka. Ita kuwa a ranar abin da ta iya cewa shi ne, "A sauka lahiya, in da mai tahiya."

Salula na ta ƙara a kunnenta, ba a ɗauka ba. An ce in mota ta bar Agadas ba sauran rezo, na kowane kamfani. Tana shirin kiran Iliyasu sai aka ɗauka. Rugugin inji ne ya fara shigowa, da ihun masu ɗaure kaya.

"Allo? Iliyasu, in saƙo ne ka bar shi, ana ɗaure kaya."

Zara'u ta sunkuyar da kai bakin rumbu, wai don sunan ya faɗa ciki kada ya bazu.

"Ƙadri."

Ya fito ɗan ƙarami, a shaƙe. Amma rumbu wofi ba ya riƙe asiri, ya karɓe shi ya dawo mata da shi ƙato, har ta firgita. Can ɓangaren ba ka jin kome sai inji.

"Allo," ya ce. "Rezo ba kyau. A sake faɗi."

Ta janye salula daga kunne ta duba. Sanduna na nan tsaye cif, ko ɗaya bai motsa ba. Ɗan nema! Ya ji sarai. Dariya da kuka suka taho mata lokaci ɗaya, ta rasa wanda za ta fara ba hanya.

"Ƙadri! Ƙadri na ce!"

A ƙasa lugude ya ƙara ƙarfi, Lalla na dukan turmi kamar za ta raba shi biyu.

"Na'am, Inna."

Sai da ta riƙe bakin rumbu da kyau. Tun da ta haife shi bai taɓa kiranta haka ba.

"Ka sauko daga motar nan," ta ce. "Na leƙa rumbunka, na ga abin da ka gani. Ba sai ka cika shi ba. Kuma ba wanda ya aiko ni, ni ce. Ni ke son ka komo. Hurar nan da kake tararwa bakin ƙohwar Goggo, ba iska ke kawo ta ba."

"Na sani, Inna. Na san ƙwaryar. Ai ni na riga na..."

Ƙit! Kiredi ya ƙare.

Aka kira Iliyasu da gudu, ya gwada layin Isawane, ya koma na Urafane, wayar Ƙadri ba ta shiga. Aka tafi masallaci aka dawo, ba ta shiga. Na riga na me? Na riga na hau? Na riga na yi alkawari? Zara'u ta juya maganar nan ta kowace fuska, ba wadda ta ba ta kwanciyar hankali. Faifai ya zauna inda yake. Lalla na zuwa kullum ta zauna kusa da ita, wannan karon ba tsokana. Duk wanda ya hau tsani sai ya riƙa magana ƙasa-ƙasa, har mai kiran Legas.

Ranar kasuwar Urafane da la'asar amalanken shanu suka dawo gari. A kan na ƙarshe akwai wani dogo, ya yi baƙi ya rame, jaka a cinya. Biba ce ta fara hango shi, ta zubar da tulu ta ruga. Ashe batirinsa ne ya mutu a tasha. Ashe kuma abin da ya so faɗi shi ne ya riga ya jefo jakarsa ƙasa, tun kiran sunansa na farko, wanda ya ce bai ji ba.

Ya yi sallama ya shigo tsakar gida, mata sun cika ta, kowa na jiran ya ga yadda za a yi. Zara'u ta fito daga ɗaki, ta dube shi sau ɗaya daga sama har ƙasa, ta ja mayafi, ta kawar da kai.

"Biba, ki ba yayanki ruwa, ya sha rana."

"Bahausa, ke kam sai Allah!" in ji Lalla, gida ya kwashe da dariya.

Amma da aka watse, Zara'u ta kankare ɗan garin da ya rage mata ta dama fura. Wannan karon ba ta kai ta bakin ƙofar kowa ba. Gabansa ta dire ƙwaryar, ta dubi sama ta ce, "Ga hura nan, in da mai sha."

"Akwai," in ji Ƙadri.

Yunwa dai ba ta tafi don an kira suna ba, an sha wuya kafin ruwa ya sauka a yi shuka. Ƙadri ya kama aikin dako da amalanke zuwa kasuwar Urafane, da shi suka lallaɓa. A gida kuwa ba abin da ya canja, ita "yayan Biba", shi "innar Biba". Da safe ranar kasuwa ya wuce ta gabanta da shanun amalanke, ba mai ce wa wani kanzil. Sai rana ta take tsaka ka ji Iliyasu daga kan tsani yana ƙwala kira, "Inna Zara'u, waya daga Urahane!" Ta ajiye faifai tana mita wai mutane ba su da aikin yi, ta ɗaure zane, ta hau. Lalla ta jawo turmi. Har yau kuma, in ka tambayi Ƙadri, wai rezon Urafane bai taɓa yin kyau a kira na farko ba, kullum sai an sake faɗin sunan.